Hannun Huzaifa

Ikara,
Fabrairu, 2023

Ƙawata Bilkisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya sanyin Jos? Mu nan sai godiya. Inna tana gaishe ki, har yau ba ta manta da ke ba, mai cin tuwo da cokali.

Kin tambaya ko Huzaifan da kika gani a bidiyo ƙanena ne. Shi ne, wanda yake kawo mana mazarƙwaila ɗakinmu a jami'a. Bayan mun gama karatu, injin matse rake na Kawu Ya'u a Kudan ya kama hannun rigarsa, ya cinye masa hannun dama har gwiwa. Ya daɗe a ɗaki ba ya magana da kowa sai bango. Da ya ga bangon ba ya katse shi, sai ya fara jera maganar baiti-baiti. Ba kiɗa, ba rerawa, tsayawa kawai yake yi ya faɗa.

Waƙensa na farko, "Rake Ya Sha Ni", shi ya fito da shi. Yanzu duk taron ƙungiyoyi daga Makarfi zuwa Kaduna sai an gayyace shi. Na halarci ɗaya. A baitin ƙarshe yakan ɗaga dungun hannun sama, nan take sai ki ga wayoyi sun tashi. Ban ga wanda ya ɗauki farkon waƙen ba. Wata hajiya ta yi kuka har kwallinta ya zubo, sannan ta roƙe shi ya sake ɗagawa, wai hotonta bai fito ba.

Shi dai yana murna, ya fita daga ɗaki. Ki gaida mutanen gidan.

Taki,
Naja'atu

Ikara,
Nuwamba, 2023

Bilkisu,

Sallama da fatan alheri. Yaya jikin autarki? Allah ya ƙara sauƙi.

Huzaifa ya samu hannun roba. Ranar da aka saka masa, kaftani mai dogon hannu ya ɗinka, ya zaga kasuwar Makarfi ba ya sayen komai. Daɗinsa shi ne ba wanda ya kalle shi.

Ya kuma yi sababbin waƙoƙi: kan masu yankan rake, kan gardamar 'yan acaɓa, kan wata Jamila da yake rantsuwa ƙirƙirarta ya yi. Kin san ni da rowar yabo, amma sun fi na farkon nesa ba kusa ba. Ya kai su Kaduna, aka yi masa irin tafin da ake yi wa mai jawabin godiya. Tun daga nan wayarsa ta yi shiru. Wani mai shirya taro ya kira ni yana taya mu murna, wai ya ji yaron ya warke.

Ya fara komawa ɗaki, Bilkisu. Ki sa mu a addu'a.

Naja'atu

Ikara,
Yuni, 2024

Ƙawata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan damina ta same ku lafiya. Ki yafe mini jinkirin amsa.

An gayyace shi taro a Makarfi bisa sharaɗi biyu: tsohon waƙen, da riga mai gajeren hannu. Na ce kada ya je. Ya ce yana da sabon waƙe kan ruwan farko, kuma idan ya ba su abin da suke so, ƙila su bar shi ya faɗi abin da yake so.

A bayan rumfa ya kwance hannun, ya naɗe shi a kaftaninsa, ya miƙo mini kamar mai ba da ajiyar jariri. Ya hau, ya faɗi "Rake Ya Sha Ni", ya ɗaga dungun, jama'a suka miƙe tsaye. Yana buɗe baki zai fara sabon, sai babban baƙo ya iso. Mai gabatarwa ya karɓe makirfo, kowa ya juya wajen motoci. Ya ɗan tsaya a wurin, sannan ya sauko.

A motar hayar da ta ɗauko mu, tsakanin buhunan taki, ya faɗi sabon waƙen gaba ɗaya, a hankali, yana kallon gonaki. Direba ya kashe rediyo. Ban taɓa jin abu mai kyau irinsa daga bakin mutum ba. Ban ɗauka a waya ba, hannayena suna riƙe da nasa na roba. Da ya gama ya ce shi ke nan, ya bar waƙe. Washegari ya koma Kudan wurin Kawu Ya'u, yana lura da masu dafa mazarƙwaila.

Na roƙe shi ya maimaita mini, ya ce ya manta. Ƙarya yake yi. Ni ce na manta, sai layi ɗaya ya rage mini: "Ruwan farko ba ya tambayar gona abin da ta rasa bara."

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Naja'atu