Makullin Banɗakin Mata

Yaya,

Assalamu alaikum. Jiya Laraba an cire kwaɗon da ke ƙofar banɗakin mata a kamfanin ɗinkin da muke aiki ni da Auta. Ka yi haƙuri na sa labari gaba da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Allah ya ƙara sauƙi. Inna lafiyarta ƙalau, sai gwiwa da ke damunta. Kawu ya koma bakin aikinsa.

Na san Inna ta gaya maka an kori Auta. Abin da ba ta gaya maka ba, don ba ta sani ba, shi ne da hannuna a ciki. Shekara uku makullin banɗakin nan yana rataye a ƙusa bayan teburina. Dokar manaja ce: mai son shiga sai ta bar kekenta, ta zo ofis, in rubuta sunanta da lokaci a rajista, a ba ta minti biyar. Mata arba'in, makulli ɗaya. Wasu har sun daina shan ruwa da rana don kada su zo. Ni kuwa ina zaune da littattafan gwagwarmayar ma'aikata da ka bar mini, ina karantawa lokacin hutu, har da jan layi a wuraren da suka burge ni. Ban taɓa waiwayawa na dubi ƙusar ba. Daga baya na ji sunan da suka sa mini a ɗakin ɗinki: Ministar Banɗaki.

Watan jiya wata mai juna biyu ta tsaya jiran makulli har fitsari ya kufce mata a gaban mutane. Washegari da ƙarfe goma kekuna suka yi tsit. Duk su arba'in suka yi layi a gaban teburina, ba ihu, ba zagi, kowacce tana neman makulli da ladabi. Minti biyar-biyar, aiki ya tsaya sama da awa uku. Manaja ya fito yana kumfar baki, sai dattijuwar da ke sa maɓalli ta ce masa ranka ya daɗe, ai dokarsa suke bi, in kuma so yake su karya ta, ya faɗa su ji. Kwana huɗu suna haka. Auta ce ta tsara shi, Autar da muke yi wa dariya ba ta iya gama littafi ɗaya.

A rana ta huɗu manaja ya ce in kawo rajistar. Na san abin da yake nema: sunan da ke fara zuwa kowace safiya. Yaya, bai tsorata ni ba, ko murya bai ɗaga ba. Na miƙa masa, har na buɗe masa shafin. Da yamma aka ba Auta takardar kora. Da muka koma gida ba ta ce mini don me ba. Ta zuba mini abinci, ta ce Minista ta ci ta ƙoshi, gobe akwai aiki. Da marina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Matan ba su fasa layin ba, ƙungiyar ma'aikata kuma ta kai ƙara ofishin ƙwadago. Kamfani ya ce don lalaci aka kori Auta. Na rubuta shaida da sunana, na faɗi yadda aka nemi rajistar da dalilin nemanta. Tun daga ranar manaja bai sake amsa gaisuwata ba. Kada ka yaba mini. Mako biyu takardar shaidar tana jakata kafin in sa hannu, su kuwa kwana ɗaya ya ishe su tashi tsaye. Na fi so ka ji daga bakina. Inna zan gaya mata da kaina ranar Juma'a, don Allah kada ka riga ni.

Ka gaishe da Anti, da takwarata, da 'yan biyu. Gwaggo tana tambayar hoton da ka yi mata alkawari.

Ƙanwarka.

Na manta ban faɗa ba: sakataren ƙungiya ya ce za a maido da Auta aiki ranar Litinin. Magana ce ta baki, takarda ba ta zo ba tukuna. In ta zo, ta teburina za ta bi.