Sati Biyar Kafin Barkono Ta Tafi Soja

Assalamu alaikum, Maigida.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya rana, yaya ƙarar inji? Kun iske ruwa a rijiya ta huɗu, ko har yanzu dutse kuke fama da shi? Mu nan lafiya lau muke. Mahaifiyarka Inna tana gaishe ka, gwiwar ta yi sauƙi. Tunda wurin naku ko waya ba ta shiga, na shirya da direban da ke kai muku bututu, duk Talata zan riƙa ba shi saƙo.

Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa. An ɗauki Barkono. Kwalejin horar da hafsoshin soja ta aiko da takarda ranar Alhamis, ina kan keken ɗinki ta shigo shago da gudu ta yi fatali da kwandon zare. 'Yarka ta fari, wadda ka laƙaba wa sunan nan saboda bakinta, za ta sa kaki. Saura sati biyar ta tafi.

Sun haɗo da jerin kaya shafi uku. Singileti fari shida, safa baƙa shida, zanen gado fari biyu, akwatin ƙarfe da kwaɗonsa, burushi, man takalmi, allura da zare, har da reza. Kowane abu sai an ɗinka masa lambarta. Na daina karɓar ɗinkin yamma, na zauna ina yanka ƙyalle kamar faɗin ɗan yatsa ina rubuta lamba da zare baƙi. Ko a kan safa ba za a ga ɗinkin da ya karkace ba, 'yar tela ce.

Ka san tsohon Saje mai gyaran keke da ke kallon shagona. Da ya ji labari ya tsallako titi da man inji a hannu, ya sa tabarau, ya karanta jerin har ƙarshe. Ya ce abin da ba su rubuta ba ya fi wanda suka rubuta yawa. Wai sati shida na farko babu waya, babu ziyara, wanka minti uku, abinci minti biyar, kuma duk inda za ka je da gudu ne. Ya ce a sayi takalmin soja tun yanzu ta riƙa yawo da shi ya yi laushi, don sabon takalmi ya fi kowane kofur korar ɗalibai. Ya ɗauki nauyin shirya ta, kullum da safe kafin ya buɗe rumfa.

Abu ɗaya ya rage, shi ne naka. Da yake saura wata huɗu ta cika sha takwas, sai uba ya sa hannu a takardar amincewa. Ga ta nan na naɗe a cikin leda don kada mai ya taɓa ta. Ka sa hannu inda na yi alama da fensir, ka ba direba. Ranar ashirin ga wata suke rufe karɓa.

Ka kula mana da kanka.

Matarka,
Tela

*

Assalamu alaikum, Maigida.

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarka da ta kafaɗar nan da ka ce tana damunka. Ka daina ɗaga bututu kai kaɗai, ba yaro ba ne kai. Mu duka lafiya.

Amsarka ta iso, takardar amincewa ba ta iso ba. Na zazzage ambulan har sau biyu. Ka ce soja ba aikin mata ba ne, ta nemi wani karatun. Na karanta na yi dariya ni kaɗai a shago. Kai ne fa ka koya mata kwance famfo tana 'yar shekara tara, kai ne ka ce wa maƙwabta 'yarka ta fi mazan layin nan zuciya. Wannan maganar ba taka ba ce, aro ka yi, kuma ba ta yi maka daidai ba.

Bari in faɗi abin da ka ƙi rubutawa. Kafin aurenmu ka gaya mini, ka ce kada ya wuce ni, ban kuwa taɓa gaya wa kowa ba. Ka shiga horon soja kana saurayi, ka yi kwana sha tara. Wani kofur ya zagi mahaifiyarka a gaban jama'a, ka mayar masa, ka kai masa hannu. Suka miƙo maka jakarka a bakin ƙofa. Inna ta ce wa mutane ciwo ne ya dawo da kai. Shekara ashirin da biyu ke nan, har yau idan aka nuna fareti a talabijin sai ka tashi ka ce za ka duba tankin ruwa. Ba jikinta kake tsoro ba, Maigida. Halinka ka gani a tare da ita, kana tsoron ranar da za a miƙo mata jaka.

Ba zan ɓoye maka ba, tsoron naka yana da tushe. Gudu ba matsala, ta riga ta fi ƙarfin Saje, yanzu a keke yake binta. Ƙafarta ta yi bororo a satin farko, na wanke na sa filasta, yanzu ta yi kanta. Guga kuwa, karin wandonta zai iya yanka hannu. Bakin ne.

Ranar Asabar Saje ya zo duba gyaran gado. Ta ja zanen ya miƙe tsaf, ni da nake sana'ar ƙyalle ban ga aibu ba. Ya kama katifa ya kifar, ya ce ta sake. Ta sake, ya kifar. A karo na uku ta riƙe ƙugu ta ce, "Baba Saje, tsakaninka da Allah me gadon nan ya yi maka?" Ta ɗauki matashi ta maka da bango. Bai ɗaga murya ba. Ya kalli agogonsa ya ce, "An kore ki. Ƙarfe bakwai da kwata, ranar farko." Ya fita abinsa.

Kwana biyu ba ta yi wa kowa magana ba, har Inna ta ce gidan ya yi daɗi. A rana ta uku, ba wanda ya aike ta, ta ɗaura takalmi ta tsallaka titi ta tsaya a gaban rumfarsa har ya ɗago kai. Yarinyar da ta koma da ƙafarta ba mai gudowa ba ce. Ni ban da shakka a kanta.

Takardar tana wurinka. Kada ka bari ta yi datti.

Taka,
Tela

*

Assalamu alaikum, Maigida.

Ina fatan kana lafiya. Direba ya ce kun samu ruwa, har mutanen ƙauyen sun ɗaga ku sama. Allah ya ƙara albarka. Ya kuma ce ka karɓi wasiƙata ka sa a aljihu ka koma bakin aiki.

Yau laifi na zo amsawa. Na gaya mata. Ranar Laraba muna shago da la'asar, ina ɗinka lamba a kan tawul, ta tambaye ni kai tsaye me ya sa Baba bai dawo da takarda ba, ko ya raina ta ne. Na ga yadda abin yake cinta. Ban iya barin ta tafi da tunanin ubanta bai yarda da ita ba, sai na tsayar da keke na ba ta labarin kwana sha taran nan duka. Na karya alkawarin da na yi maka, kuma idan ka dawo ka yi faɗanka, zan tsaya in ji.

Amma ka ji abin da ta yi. Ba ta yi dariya ba, ba ta ji kunyarka ba. Ta tambayi abin da kofur ɗin ya ce, na gaya mata. Tana juya almakashi a hannu ta ce, "Da ni ce, da ni ma na mare shi." Sai ta ƙara da cewa, "To shi ya sa Baba yake tsoro. Yana da gaskiya." Washegari ta je ta ce wa Saje ya daina tausaya mata.

Shi kuwa ya ɗauke ta a kan maganarta. Jiya da hantsi, rumfa cike da masu jiran gyara, ya ɗaga murya ya ce sifanarsa ta ɓata, kuma ita ce ta ƙarshe da ta taɓa akwatin kayan aikinsa. Ya kira ta malalaciya, ya ce irinta ko gadin kaji ba za a ba ta ba, ya tsayar da ita a rana ƙafa haɗe. Mutane suka taru. Ina leƙe ta tagar shago, na san ƙarya ne, don ina hango sifanar a aljihun bayansa. Sai da na danne ƙafata a kan keke don kada in fita. Maigida, na ga jijiyar wuyanta ta tashi, irin taka sak. Hawaye ya zubo har haɓa. Ta dubi gaba ta ce, "Na ji, Yallaɓai." Ba ta ƙara ko harafi ba, har kusan rabin awa.

Da ya sallame ta ya zaro sifanar ya nuna wa jama'a, ya ce shi ya ɓoye, yarinya ba ta da laifi. Ya tsallako wurina yana share ido da hular kansa, wai ƙura ce. Ya ce a shekarunsa na aiki ya ga ƙarti da yawa da ba su iya abin da ta yi ba. Ita kuwa da ta shigo gida sai da ta yi awa guda tana zazzaga wa Inna abin da ta so faɗa masa. Inna ta ce wannan ya halatta, a riƙa tarawa ana kawowa gida.

Talata mai zuwa ita ce ta ƙarshe kafin ranar ashirin. Saje ya ce akwai hanyar da uwa za ta je kotu ta yi rantsuwa a karɓi sa hannunta. Na gode masa, na ce ba zan je ba. Na san mutumin da na aura. Na riga na sa an rubuta lambarta da fenti a kan akwatin.

Ina jira.

Matarka,
Tela

*

Assalamu alaikum, Maigida.

Gaisuwa da godiya. Ina fatan kana lafiya, kafaɗa ta saki. Inna tana sa maka albarka, ta ce yanzu ta san ɗanta ya girma.

Takarda ta iso a kan lokaci, da sa hannunka, da shatin babban yatsanka na baƙin mai a gefe. Ko kalma ba ka haɗo da ita ba, amma Barkono ta daɗe tana kallon sa hannun, ta ce ka danna biro har ya kusa huda takardar. Na san da aiki ya sake ka da ka zo, ita ma ta sani.

Jiya muka kai ta, ni da Saje. Ya sa tsohon kwat ɗinsa, ya goge takalmi har ana ganin fuska. Mun isa da wuri muka tarar da layi ya kai bakin titi, iyaye da akwatuna. Wata uwa ta kawo wa ɗanta katifa da fanka, aka ce ta koma da su. Wani yaro ya zo da sabon takalmi a kwali, Saje ya girgiza kai kawai. A bakin ƙofa an ja farin layi a ƙasa. Wani hafsa ya ce iyaye suna da minti biyu, daga layin nan ba mai wucewa.

Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Na gyara mata wuyan riga, na ce ta riƙa shanya safa. Ka ji abin da uwa ta samu ta faɗa. Ta rungume ni, ta sara wa Saje, ta ɗora akwati a ka ta tsallaka layin. Ba ta yi taku goma ba wata kofur, gajera mai murya kamar ƙaho, ta tare ta tana ihu a fuskarta, wai wa ya ce ta yi tafiya kamar mai zuwa kasuwa. Ta sa ta sauke akwatin, ta ɗauka, ta sauke, ta ɗauka. Daga inda nake bayanta kawai nake gani. Kafaɗunta ba su motsa ba. Aka ce gudu, ta ruga da akwati a ka har ta sha kwana, ba ta waiwayo ba. Saje ya ce haka ake so. Ni dai na so ta waiwayo.

Na riƙe kaina har gida. Sai da na shiga shago na ga ragowar ƙyallayen lamba guda uku a kan keke, ba abin da zan liƙa su a kai, sannan na rufe ƙofa na yi kukana mai isata. Na wanke fuska na buɗe, don akwai mai jiran riga.

Yanzu saura kai. Sati shida ba za ta ji muryar kowa ba, amma ana raba musu wasiƙa duk ranar Juma'a, ana kiran lamba a gaban kowa. Ni zan rubuta, Inna ma ta ce in rubuta mata nata. Amma akwai abin da ni da Inna ba mu sani ba, Saje ma ya daɗe da mantawa: yadda mutum yake ji a kwanakin farko idan ransa ya ɓaci kuma ba halin magana. Kai ka sani. Ka gaya mata da bakinka, har da abin da ka so a ce ka yi a ranar nan. Ba sai ka tsara ba, ta saba da rubutunka.

Na sa maka ambulan shida a cikin ledar nan, kowanne da adireshi da lambarta da kan sarki. Na haɗo da biro biyu, don kada ka ce mini naka ya ƙare. Direba zai dawo ranar Alhamis, na ce masa kada ya tayar da mota sai ka ba shi na farko.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka mai ƙaunarka,
Tela, uwar soja