Jawabin Rijiyar Burtsatse

Asabar, bayan isha'i.

Yau a bikin auren Romi, inda aka gayyace ni in ba mutane dariya, barkwancin da na kwana uku ina rubutawa bai motsa kowa ba, shinkafarsu kawai suke ci. Da kunya ta ishe ni sai na jawo tsohon jawabina na neman kansila, na alƙawarin rijiyar burtsatse, na zuba shi yadda yake. Har da masu riƙe ciki don dariya. Na ji daɗi, wallahi.

A bakin ƙofa wata tsohuwa ta tare ni. "Honarabul, ina sahun gaba ranar da ka faɗi wannan a unguwarmu Makera. Mu ba dariya muka yi ba, ɗan nan. Amin muka ce."

Har yau ruwan garuwa take saya.

An gayyace ni in maimaita jawabin a wani bikin ranar Juma'a. Na ce to.