Minti Ukun Alun

Ludlow, 3 ga Maris

Aminina Alun,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar nan taka, tana barinka hawa bene kuwa? Yaya Bronwen da jikoki? Ni dai ina nan, daga ni sai ruwan sama.

Nemi wuri ka zauna. Wani ƙaramin kamfani a Bristol yana so ya sake buga faifanmu na 1972. E, shi dai, wanda muka buga guda casa'in da tara, mahaifiyarka ta sayi shida. Wai yanzu masu tara tsofaffin fayafayan kiɗan rok har daga Japan nemansa suke ido rufe. Na tono tef ɗin asali a cikin tarkace, na kai wa injiniyarsu, wata mata mai suna Philippa.

Da ta kunna, Alun, sai na ji abin da ban zata ba. Ka tuna kiɗan gefen farko ya yi tsawo ya ƙi shiga faifai, kowa ya ƙi a taɓa nasa, muka ce a ƙara wa tef gudu? Mu a dole mun yi dabara. Shekara hamsin ke nan muryar matata Glenys a faifan nan siririya kamar ta 'yar firamare. Ba ta taɓa ƙorafi ba, sai dai in na ɗora wa faifan allura ta tashi ta shige kicin. A tef ɗin kuwa matata ce sak, da muryarta mai kauri, wadda rabona da ji tun da muka binne ta shekara uku ke nan.

Haka nake so a ji ta. Amma Philippa ta ce in za a mayar da gudun daidai, dole minti uku su fita, kamfanin kuma ba shi da ƙarfin buga faifai biyu. Ka san minti ukun da nake nufi, inda muka yi tsit kai kaɗai kake dukan ganguna. Na san ban da shi ba a taɓa naɗar kiɗanka kai kaɗai ba, na kuma san shi kake kunna wa jikoki duk Kirsimeti. Kunyar roƙon nake ji, amma ga shi na roƙa. In ka ce a'a, magana ta mutu.

Ka gaishe min da mutan gida.

Naka kullum,
Neville

Ludlow, 21 ga Maris

Mutumina Alun,

Ina gaisuwa, da fatan sanyin nan bai kwantar da kai ba. Katinka ya iso, layi ɗaya tal: "A yanke, tsoho, da ma hannun hagu ya makara a tsakiya." Ƙarya kake, hannunka bai taɓa makara ba. Kuma Bronwen ta tona maka asiri a waya, ta ce yini guda ka yi a gareji, ko shayi ka ƙi sha.

Ran Talata na koma Bristol a yanke a gabana. Philippa ta ce bari mu saurara sau ɗaya tukuna, ta ɗaga sauti. Ashe a lokacin ba wanda ya kashe makirfon Glenys. A ƙarƙashin gangunanka tana nan tana dariya, irin wadda take yi har ta riƙe ciki. Can sai ta ce, "Kai Alun, ka rage wa gobe mana!" Jim kaɗan kuma a hankali, "Neville, don Allah dubi fuskarsa." A faifan, gudu da ƙara sun haɗiye duk wannan. Waƙarta na je nema, sai ga ta tana min magana. Na yi kuka a gaban baƙuwar mata, ban ko ji nauyi ba.

Saboda haka gangunanka suna nan daram. Abin da ya fita shi ne doguwar shimfiɗar jitata ta farko, wadda ka ce ta fi huɗubar Lahadi sa barci. Kada ka rubuto min gardama, an riga an yanke, ni na nuna wurin da yatsana.

Faifan gwaji zai iso farkon Mayu. Na gyara ɗakin ƙasa saboda gwiwarka. Ka zo, Alun. Ba zan iya ɗora allura a kan wurin nan ni kaɗai ba.

Ka gaida Bronwen, ka ce na gode da gulmar.

Abokinka har abada,
Neville