Rasuwar Wakilin Kok-Shiber da Sunayen da Suka Rage a Bakinmu

Cikin alhini, Ƙungiyar Matan Gundumar Kok-Shiber ta samu labarin rasuwar dattijonmu mai girma, uban makiyaya, Wakilin Gunduma a Majalisar Lardi har karo biyar, wanda Allah Ya karɓi ransa da hantsin Lahadi yana zaune gaban teburinsa da alƙalami a hannu, yana da shekara tamanin da ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Za ku ga ban ambaci sunansa ba. Wan mijina ne, kuma kowa ya san mace ba ta kama sunan manyan mazan gidan mijinta. Shekara hamsin da biyu ina ce masa Yaya Mai Gemu, kuma da yake a harshenmu akwai kalmar tunkiya a cikin sunansa, tumakin gidana ma "masu me-e" nake kiransu, har jikokina suka kai wannan lafazi makaranta aka yi ta yi musu dariya.

Marigayin ya yi ƙuruciyarsa ne a zamanin mulkin Tarayyar Sobiyat, lokacin da aka haɗe mu da gundumar gangare ta Sari-Talaa, muka yi shekara goma sha tara ba mu da mai buɗe baki a madadinmu. A cikinsu ne ambaliyar narkakkiyar ƙanƙara ta tafi da gadar kogi aka bar ta shekara bakwai, kuma a bakin kogin nan na haifi ɗana na biyu, asibiti na tsallake ina hango rufinsa, yaron bai zo da rai ba. Wannan bawan Allah shi ya yi ta zarya a kan doki zuwa babban birnin lardi, yana yini a ƙofar ofis da farar hularsa, har wani babba ya ce, "Ku ba mutumin nan kujerarsa, ko ma huta da warin tumaki." Da haka aka dawo mana da wakilci, da gada, da ikon makiyayarmu ta kan dutse.

To, bana masu ƙidaya suka zo a watan Yuli, lokacin da rabin gunduma ke kan dutse da dabbobi, wasu mazan kuma suna Rasha neman abinci. Suka ƙirga karnuka da tsofaffi, suka ce ba mu kai yawan masu kujera ba, za a sake mayar da mu ƙarƙashin Sari-Talaa, sai dai in mun kawo cikakkun sunayen masu gidaje kafin azahar ɗin Juma'ar nan. Ƙungiyarmu ta bi gida-gida, ta cika littafi da gida ɗari huɗu da goma sha biyu. Sai dai mata muka tambaya, su kuwa sunan kunya suka ba mu: Baba Mai Tari, Uban Shayi, Mai Doki Gurgu. Marigayin ya duba ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce mini, "Amaryar gidanmu, wannan littafin ƙidaya ne ko na zagi? Kawo, na san kowa har kakansa na bakwai." Ya zauna yana sa sunayen gaskiya. A gida na casa'in da ɗaya ya tsaya.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa, Yaya Salkin, da 'ya'yansa shida, da jikoki, da dukan zuri'arsa, tana roƙon Allah Ya ba su juriyar wannan rashi, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa zaryar da ya yi mana ta zama masa haske.

Amma mata, ku saurare ni, don ba ni da wanda zan roƙa sai ku. Saura gida ɗari uku da ashirin da ɗaya. Maza ba za su sauko ba sai ƙarshen wata, kuma Juma'a ba ta jiran su. Ranar Laraba, kowace ta zo tantin makoki da tsakar rana, bayan an karanta Alƙur'ani an sha shayi, ta faɗi sunan surukinta da na ubansa. Ke Gulsun maƙwabciyata, na san za ki ce harshenki zai karye. Bai karye a gulma ba shekara arba'in. Wadda ta kasa faɗa da ƙarfi ta raɗa mini a kunnen dama, na hagun ya mutu. In muka yi shiru, 'ya'yanmu mata za su koma haihuwa a bakin kogi, kuma babu sauran mai hawa doki dominmu.

Ni zan fara, don kada wata ta ce an sa ta gaba. Gida na casa'in da biyu nasa ne, inda na rubuta Yaya Mai Gemu da hannuna. Yau na soke shi. Ka yafe mini, Yaya, kai ma ka san ba raini ba ne.

Allah Ya jiƙan Koichubek, ɗan Toktonali.

Sa hannu:
Burulcha Mambetova
Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Matan Gundumar Kok-Shiber