Bakancenki a Si Muang

Zuwa ga Sudalat, furen champa da ya buɗe a farfajiyar zuciyata, ruwan farko bayan doguwar bazara, hasken da ke kwanciya a kan kogin Mekong kafin rana ta faɗa ƙetare.

Ƙanwata, abar ƙaunata, ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe tsaye a gaɓa. Ina fatan sanyin Koriya bai taɓa lafiyarki ba.

Saƙonki ya same ni a kan tsani a haikalin Wat Si Saket, ina gyaran zanen bango. Abu biyu kika ɗora mini. Na farko, in je haikalin Si Muang in cika miki bakancen da kika tafi ba ki cika ba, domin mahaifiyarki ta hana ki sakat, tana cewa wanda aka biya wa buƙata bai koma da godiya ba, ba ya ganin daidai. Na biyu, masu gonar da kike yi wa tafinta sun nemi ki ƙara wasu shekaru, suna jiran amsarki kafin ƙarshen damina. Kika rufe da cewa: "Yaya, me ka gani?" Na farkon na gama shi jiya. Na biyun ne ya zaunar da ni gaban takarda.

Kin tuna yadda kike shigowa da baƙinki 'yan yawon buɗe ido da hantsi, jar lemarki a ɗage, suna biye da ke kamar 'yan agwagi? Kin riga kin ƙone musu ido da zinaren hasumiyar That Luang, kin gajiyar da gwiwoyinsu a matakalar dogon ginin Patuxai, sannan ki kawo su inuwarmu su ga dubban ƙananan mutum-mutumin Buddha a alkukan bango. Kullum sai kin nuna ni a kan tsanina, ki faɗi wani abu da harshensu, su kwashe da dariya, su ɗauke ni hoto. Sai daga baya mai sayar da tikiti ya fassara mini: wai ni ne sabon mutum-mutumin gidan, ni kaɗai ke da digiri a cikinsu, kuma kamar sauran, ba a taɓa jin muryata ba. Ya ke tsuntsuwar safiyata! Ban taɓa jin zagin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Kin kuma tuna ranar da kika sallami baƙinki da wuri, kika ja ni zuwa Si Muang? Muka durƙusa kafaɗa da kafaɗa gaban ginshiƙin gari da ake kai wa roƙo, kowa da turaren tsinkensa, kowa da roƙonsa a ciki. Ke kika gama nan take. Ni na daɗe, har kika zungure ni da gwiwar hannu, kika raɗa mini cewa ko a nan ma sai na auna magana? Muka fito muka ci kwaɗon gwanda a bakin titi, barkono ya sa ni hawaye, kina ta yi mini tsiya. Ban tambaye ki abin da kika roƙa ba, domin ba a tambaya. Da takardun tafiyarki suka fito na sani. Ni kuwa abin da na roƙa shi ne kada a raba idona da wannan jar lema. Roƙo biyu suka tashi cikin hayaƙi ɗaya, kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa. Dole ɗaya ya faɗi. Nawa ne ya faɗi.

Jiya na tsaya wurin Inna Tongbai, tsohuwar da ke sayar da kayan godiya a ƙofar haikalin. Ta shirya mini tire: nonon ayaba, ɗanyar kwakwa, kyandir, furanni. Tana shiryawa tana yi mini barka, tana tambaya ko ƙarin girma aka yi mini ko mata na samu. Da ta ɗago ta dube ni sai ta ce, ɗana, wannan fuskar ta rakiyar gawa ce, in sake ta kada a zaci da ƙyashi na kawo. Na ce mata saƙon wata ne. Ta ƙara fure ɗaya a tiren, ba ta sake tambayata komai ba.

Na shiga, na durƙusa inda muka durƙusa. Na ambaci cikakken sunanki, na yi godiya a madadinki, ban rage kalma ɗaya ba. Wa ya taɓa ɗaukar tire a hannunsa ya je ya gode wa abin da ya raba shi da ransa? Wane kogi ne ke yi wa rani barka da zuwa? Amma ke kika aike ni, kuma saƙonki ba ya lalacewa a hannuna. Ki gaya wa mahaifiyarki ta kwantar da hankalinta.

Vientiane, birninmu, tana nan yadda kika bar ta, sai dai ta zama kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. Zinaren That Luang ya koma mini rawaya kawai. Wadda ta gaje ki tana wuce tsanina ba ta ɗaga kai. Da yamma nakan bi bakin kogi in ga baƙi suna ɗaukar hoton faɗuwar rana, in rasa abin da suke gani a ciki.

Ga abin da na fi so ki sani. Da na fito, Inna Tongbai ta miƙo mini wani turaren, ta ce tunda na sauke na wata, in koma in roƙi nawa. Na koma. Na kunna shi, na riƙe, har ya cinye ya ƙona mini yatsa, ban roƙi komai ba. Domin na yi tunani: in an amsa mini, ta wace hanya za a dawo da ke? Ta korarki daga aiki? Ta ciwon da zai kwantar da mahaifiyarki? Ba na son a karya miki naki don a gina mini nawa. Ba na son a kawo mini ke. So nake ki zo.

Saboda haka roƙon da na hana ginshiƙi, ke nake kawo wa. Kin tambaye ni me na gani. Sudalat, kada ki ƙara. Ki dawo gida, ki aure ni.

Na san abin da nake nema ki bari, ban kuma raina shi ba: aikin da kika roƙa da bakinki, da rufin da kike ɗora wa gidan mahaifiyarki. Abin da ke hannuna kaɗan ne: gida mai bishiyar mangwaro, aikin bangon da zai kai ni tsufa, da harshe mai nauyi wanda bai taɓa yi miki ƙarya ba. Idan ruwa ya ɗauke, wata ya cika, mutane suka ɗauki kyandir suna kewaya That Luang, ina so in nemi jar lema cikin taron in same ta.

Idan kuma zama kika zaɓa, ba za ki ji ƙorafi daga gare ni ba. In wani bakancen kika ɗauka a kan hakan, ki aiko mini. Zan sake ɗaukar tiren. Inna Tongbai ta riga ta san fuskata, ba za ta yi mini barka ba.

Naki, ko kin dawo ko ba ki dawo ba, har ranar da Mekong zai manta hanyar teku,

Bunliang