Sabulun Hedimasta da Fatar Jikarmu

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin 'yata ta iso gidan nan da jaririyarta. Kaina ya kulle, kuma duk wadda na gaya wa a unguwa, maganar za ta riga ni dawowa gida.

Maigidana tsohon hedimasta ne. Har yau haka kowa yake kiransa, har ni idan raina ya ɓaci. Da ya yi ritaya sai ya koma kujerar falo ya zauna, ba hira, ba cin abincin kirki, aikinsa kawai gyara wa masu karanta labarai a rediyo kuskure. Na tsorata, domin na ga yadda zaman banza ya cinye wasu abokansa. Ana nan sai ya ga wata mata a waya tana koyar da haɗa sabulu. Washegari ya kwashe tarkacen ɗakin ajiya, ya kafa tebur da bokitai da ludayin katako. Wallahi na yi murna. Mutum ya dawo yana tashi da wuri, har da fito yana shara.

Matsalar ita ce sabulun. Anti, sabulun nan ba wanka yake yi wa mutum ba, horo yake yi masa. Ranar da na fara gwadawa na fito daga banɗaki fatata ta ɗaure kamar na sa rigar ƙanwata, ta yi fari fat, ga ƙaiƙayi. Kafin mako ya zagayo ƙafafuna sun yi faso.

Na leƙa na ga yadda yake yi. Matar wayar ta ce a auna sodar sabulu da sikeli, shi kuwa ya ce wanda ya ƙare rayuwarsa yana auna hankalin yara da ido ba ya buƙatar sikeli. Da gwangwanin madara yake awo, sannan ya ƙara tsibi a kai, wai abin da ba ya zafi ba ya gyara. Da wannan aƙidar ya riƙe makaranta, yanzu ta dawo kan fatarmu. Man kwakwa zalla yake zubawa saboda son kumfa. Kuma ba ya jira: yau a zuba, gobe a yanka, jibi yana banɗaki. Ya ce jira lalaci ne.

Da ya tambaye mu a wajen cin abinci yaya sabulu, na kalli fuskarsa tana sheƙi, sai na ji bakina ya ce madalla. Yara suka bi sahu. Autanmu da ke jami'a har da cewa ya fi na kanti, alhali a lokacin yana sosa ƙeya da cokali.

Tun daga nan muka shiga harkar ɓoye. Sabulun kanti yana cikin kwalin takalmina, kowa ya shiga wanka ya ɗauka, ya fito ya mayar. Na Hedimasta kuwa nakan naɗe a leda in kai wa makaniken bakin layinmu. Shi kuma maigida da ya ga sabulu yana ƙarewa da sauri sai ya ce kasuwa ta buɗe, ya ninka abin da yake haɗawa. Na ninka abin da nake kai wa makanike. Ran nan suka haɗu a hanya, makanike ya riƙe hannunsa ya ce bai taɓa ganin sabulu mai aiki irin wannan ba, Allah Ya ƙara basira. Bai gaya masa inji yake wankewa da shi ba. Hedimasta ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai.

Shi kaɗai ne a gidan yake wanka da shi da gaske. Hannayensa suna saɓa, yana goga baya a jikin ƙofa, in na yi magana ya ce tsufa ne.

To yanzu babbar 'yarmu ta haihu, jikarmu ta fari, kuma za su zo su ɗan zauna da mu. Ya haɗa wa jaririyar sabulu na musamman, ƙanana masu ƙamshi, ya naɗe kowanne a takarda da hannunsa. Ya gaya mini a asirce cewa ya ƙara musu soda saboda ƙwayoyin cuta, kuma shi da kansa zai miƙa a wankan farko. 'Yata ta bugo waya ta ce, "Mama, ko ku gaya wa Baba gaskiya, ko in zauna inda nake." Mijinta ya ce a sassaƙa sabulun kanti a musanya. Auta ya ce a ɗora wa ɓera laifi.

Anti, ba zan bari wannan abu ya taɓa jikata ba. Amma idan na faɗa masa, zai gane duk madallar nan ƙarya ce, kuma ina tsoron abin da hakan zai yi masa. Ina son mutumin nan. Yaya zan yi?

Matar Hedimasta

Amsa:

Ya ke 'yar'uwa, na karanta wasiƙarki, na yi dariya, daga baya kuma na ji tausayi. Bari mu fara da abin da ba ya jiran shawara: sabulun nan ba zai taɓa jaririyar ba. Ko an gyara shi, sabulun gida ba na jarirai ba ne. Ruwan ɗumi ya ishe ta, sai abin da ma'aikatan asibiti suka ce a ƙara.

Hedimasta yana da laifi, ba shakka. Soda ba ɗaliba ba ce da za a tsorata ta da kallo. Amma ku ma ku karɓi naku. Mutum ya buɗe ƙaramar masana'anta, ku kuka zama masu yi masa talla, masu rarraba kaya, har da kwastoma na ƙarya. Ya tambaye ku, kun ce madalla. Ya duba ya ga kaya suna ƙarewa. Da me kuke so ya gane? Shawarar surukinki da ta Auta kuwa ki ajiye su gefe. Gidanku ba ya ƙarancin dabara, dabarar ce ta kawo ku nan.

Gyaran sabulun ba wuya. Sabulu yana busar da fata idan soda ta fi ƙarfin mai. A sayi sikelin kicin, a auna komai, gwangwani ya koma aikinsa na madara. Kowane mai yana da adadin sodar da yake ɗauka, sai ya nemi jadawalin ya bi, kuma ya rage sodar kaɗan yadda ɗan mai zai saura a cikin sabulun ya tausasa fata. Man kwakwa kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, sauran ya zama mai laushi irin man zaitun. Kumfa za ta ragu, amma kumfa ba ita ce tsabta ba. Idan ya yanka, ya jera a inuwa inda iska take shiga, ya bar shi wata guda ko fiye. Ya sa safar hannu da tabarau, kuma soda ake zubawa a ruwa, ba ruwa a soda ba. Wanda ya riga ya haɗa a bar wa makanike, shi ne kaɗai ya yaba da zuciya ɗaya.

Saura magana. Ke za ki yi ta, ke kaɗai, ba taron dangi ba. Ki je da sikelin a hannu, domin ya san ba rufe masa sana'a kika zo yi ba. Ki fara da naki laifin kafin nasa. Kuma ki yi tunanin wannan: mutumin da fatarsa take saɓa ya san sabulunsa yana da zafi. Ina zargin yana daurewa ne domin yana ganin ku kuna so, ba ya son ya zama shi kaɗai mai raki a gidan.

Zai yi fushi, wataƙila ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwarki da kyau. Ki jure. Wannan ya fi masa sauƙi a kan ya tsaya a bakin baho da takardar sabulu a hannu, ya ji ihun jikarsa, ya duba fuskokinku ya gane cewa kowa ya sani sai shi.

Allah Ya raya jaririya, Ya ba mai jego lafiya, ke kuma Ya buɗe miki baki tun yau.